Dambe tsakanin zaure da cikin gida: yadda wani mai gyara a Garwa ya haɗa na'urorin wasa biyu ta iska

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa mai gyaran talabijin ne da dikoda da wayoyin hannu. Shagonsa na jikin gidansa, a wata unguwar Hausawa cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Ya ba shekara arba'in baya. Aikin lantarki a makarantar koyon sana'a ya koye shi, rubuta manhaja kuwa shi ya koya wa kansa da daddare, a kan wata tsohuwar kwamfutar cinya da mai ita ya kawo gyara bai sake waiwayarta ba. Ni maƙwabcinsa ne. Ban iya riƙe ƙarfen dalma ba, amma ni na riƙe littafin da muka riƙa rubuta abin da aka gwada da abin da ya biyo baya, kuma daga cikinsa na tsamo wannan bayani.

Na'urar da ya haɗa ta wasan bidiyo ce da ake jonawa da talabijin, sunanta Uzebox. Ba irin ta manyan kamfanoni ba ce. Wani mai suna Alec Bourque ne ya tsara ta, ya baza zanenta da manhajarta a fili a 2008 domin duk mai sha'awa ya haɗa tasa. Zuciyarta aisi guda ne, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ke yin lissafi, sunansa ATmega644. Masu ƙera shi sun ƙayyade masa gudun megahaz 20, amma a Uzebox ana kora shi har 28.6. Ma'ajiyar manhajarsa kilobayit 64 ce, ƙwaƙwalwar aikinsa kuwa bayit 4,096 kacal, abin da dogon saƙon WhatsApp guda zai iya cikawa. Shi kaɗai ke zana hoto layi-layi, ya yi kiɗa, ya karanta manet, wato abin dannawa da mai wasa ke riƙewa a hannu, sannan ya tafiyar da wasan a ɗan lokacin da ya rage masa. Wani ƙaramin aisi, AD725, shi ke mayar da launukan zuwa siginar NTSC, wani tsarin hoto da talabijin zai karɓa. Manet ɗin irin ta Super Nintendo ce, mai maɓalli 12.

Kayan daga Sin suka taso, wani ƙaninsa ya karɓe su a Duwala, suka biyo jirgin ƙasa har Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, sannan mota ta ƙaraso da su. Da yake ya sayi komai bibbiyu don gudun ƙonewa, kuma babu abin da ya ƙone, sai ya wayi gari da na'ura biyu. Ya rubuta musu wasa biyu: dara, da dambe mai turmi uku, ɗan Kudu da ɗan Arewa, kowa da mashinsa da garkuwarsa, ga 'yan kallo jere a bayan fage suna ɗaga hannu.

Na'ura ɗaya ta zauna a zaure, samarin unguwa suka mamaye ta. 'Yarsa mai shekara 14 ba ta da wurin zama a cikinsu, mahaifiyarta ma ba za ta yarda ba. Sai aka shigar da ɗayar cikin gida. Cikin mako biyu yarinyar ta gama da ƙannenta da 'yan ɗakinsu duka, ta fara aike: "Baba, a ce wa Yaya ya shigo in kashe shi." Yayan ya ƙi, don kada abokansa su ji. Uban ya ce mata, "Bari, daga inda kike za ki dambace da shi."

Mun auna da tef ɗin tela. Daga zaure zuwa ɗakin mita 18 ne, da bango biyu a tsakani, ɗaya na bulo ɗaya na ƙasa, da ƙofar kwano.

## Nuwamba: kebul a tsakar gida

Gwajin farko bai kai kwana huɗu ba. Aisin yana da ƙafar aikawa da ƙafar karɓa, don haka ya ja kebul mai zare uku ya bi da shi ta kan igiyar shanya. A sannu-sannu saƙo na wucewa, amma duk sanda injin niƙan maƙwabta ya tashi sai haruffa su rikice. Rana ta uku aka shanya jiƙaƙƙen zane a kansa, ya saki, akuya ta ƙarasa aikin. Uwargida ta ce kada ta ƙara ganin waya a tsakar gidanta.

## Disamba: dara ta tafi lafiya

Sai ya koma ga ESP8266, ɗan aisin Wi-Fi na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya bazu tun 2014. Nau'in da ya samu shi ne ESP-01, bai fi kan babban yatsa ba, da ƙafafu takwas. Abin dariya, ɗan aiken ya fi maigidansa ƙarfi: yana gudun megahaz 80, ga ƙwaƙwalwa da ta ninka ta Uzebox sau da yawa. Shi da bolt 3.3 yake aiki, na'urar kuwa da 5, don haka ya sa razista biyu a layin da ke shiga cikinsa su rage ƙarfin.

ESP-01 na zuwa da manhajar da ake yi wa magana da rubutattun umarni masu farawa da AT. A rubuta masa AT+CWJAP da sunan Wi-Fi da lambar sirri ya shiga, a rubuta AT+CIPSTART ya buɗe hanya zuwa wata na'urar. Mai gyaran ya kunna hosfot a wayar shago, na'urorin biyu suka hau, ya haɗa su ta TCP, tsarin da ke tabbatar da cewa kowane saƙo ya isa kuma a jere.

Dara gurbi 30 gare ta, kowa da 'ya'ya 12. Motsi guda bayit uku ne: daga ina, zuwa ina, wanne aka ci. Saƙon kan ɗauki rabin daƙiƙa wani lokaci, amma wa zai lura, alhali mai wasan kan yi minti guda yana tunani? Wani dattijo mai sayar da goro ya zauna a zaure ya yi dara da yarinyar har sau biyar ba tare da ya san da wa yake karawa ba. A littafi na rubuta: an gama, saura dambe.

## Janairu: kowa ya kashe kowa

A tsarin NTSC talabijin na sake zana hoto sau 60 a daƙiƙa. Kowane zane shi ake kira firam, tsawonsa milisakan 16.7. A dara firam ba ya nufin komai. A dambe kuwa naushi kan fita ya sauka cikin 'yan firam kaɗan.

Tsarinsa na farko shi ne wanda hankali ke fara kawowa. Kowace na'ura ita ke da ɗan dambenta, kuma a kowane firam tana gaya wa 'yar'uwarta: nawa yana nan, ya ɗaga garkuwa, ya kai naushi. Amma aika saƙo guda ta umarnin AT sai an yi gaisuwa mai tsawo. A rubuta AT+CIPSEND da yawan bayit, a jira alamar izini, a zuba saƙon, a jira ya amsa SEND OK. Kafin a gama wannan firam ya wuce, wani ya shigo. Saƙonni suka riƙa taruwa, ɗan damben abokin karawa ya tsaya cak, can sai ya ɓullo a wani gefen fage kamar aljani.

Ya gwada AT+CIPMODE=1, yanayin da ke ɗauke gaisuwar, duk abin da aka zuba ya wuce kai tsaye. Abin ya yi sauƙi, sai dai a wannan yanayin aisin kan tara abin da ya shigo ya tura shi ne a tazarar milisakan 20, wadda ta fi firam tsawo. Ga kuma halin TCP: idan ƙunshi guda ya ɓace a iska, duk na bayansa sai sun jira an sake aiko shi, kamar layin jarkoki a bakin famfo idan ta gaba ta maƙale.

A nan ne ya fara awo. Ya rubuta ƙaramar manhaja: ta zaure ta aika lamba, ta ciki ta mayar, a ƙirga firam nawa aka yi. Yawanci tsakanin 4 da 8 ne, jefi-jefi ya haura 20.

Daren da aka bar yaran suka gwada, ina zaure. Yayan ya kai wani naushi, ɗan Arewa ya kife a allonsa, zaure ya kaure da ihu. A daidai lokacin sai ga guɗa daga cikin gida. Ƙaramin ƙanensu ya fito a guje: "Yaya, an ce ka faɗi!" Yayan ya nuna talabijin: "Wa ya faɗi? Zo ka gani da idonka!" Mu biyu muka shiga muka duba. A allon ciki ɗan Kudu ne kwance. Kowace na'ura ta ga naushin nata ya riga sauka, domin labarin na ɗayar bai iso ba tukuna, kuma kowace ta yanke hukunci da abin da ta gani. Babu wanda ya yi ƙarya cikinsu. Sai da uban ya kashe duka biyun kafin aka yi shiru.

## Fabrairu: an sallami wayar shago, an gano yunwar wuta

Gyara uku ya yi a jere. Ya bar TCP ya koma UDP, wanda ke jefa saƙo ya wuce, ya isa ko bai isa ba. Ya cire wayar shago daga tsakani, domin kowane saƙo sai ya je wurinta ya dawo, kuma da ya sa ta a aljihu ya tafi masallaci wasa ya mutu. A madadinta ya mayar da ESP ɗin zaure mai masaukin baƙi da AT+CWMODE=2, na ciki ya riƙa shiga wurinsa kai tsaye a adireshin 192.168.4.1.

Na ukun sai da ya yi karatu. ESP ɗin da ya shiga Wi-Fi na wani yakan riƙa gyangyaɗi don tsimin wuta, ya farka lokacin da mai masaukin ya buga shelarsa, wadda a al'ada take zuwa duk milisakan 102.4. Wannan ya yi kusan firam shida, kuma shida ita ce lambar da ta fi yawa a awonmu na Janairu. Umarni guda, AT+SLEEP=0, ya hana shi barcin. Awo ya sauko zuwa firam 2 ko 3.

Sai wata sabuwa ta fito. Ana cikin wasa ɗan dambe zai yi tsalle-tsalle na hauka, sannan hanya ta yanke na 'yan daƙiƙu. Ya zargi iska, ya zargi hosfot ɗin maƙwabta, ya sauya tashar Wi-Fi daga 1 zuwa 6 zuwa 11, bai sauya zane ba. Da ya sa na'urar ta nuna ɗanyen abin da ke shigo mata, sai ga tarkacen haruffa marasa ma'ana a gaban kowace yankewa. Waɗannan ya san su. ESP8266 idan ya tashi daga farko yakan furta bayanin tashinsa a gudun 74,880, alhali na'urar na saurare a 115,200, don haka abin ke zuwa mata kamar sambatu. Wato aisin mutuwa yake yi yana tashi, wasan kuma yana ɗaukar sambatun a matsayin motsi.

Dalilin wuta ne. Lokacin aikawa ESP8266 kan ja wajen miliamfa 170, da fizga sama da haka na ɗan ƙiftawa, kuma ana so a tanadar masa 500. Shi kuwa ya rataya shi ne a kan ƙaramin ragulata mai daidaita wuta da ya sa domin katin SD. Mitarsa ba ta kama fizgar ba saboda gajartarta. Jar fitilar da ke jikin aisin ce ya ga tana dishewa, cikin duhu, wani dare da aka ɗauke wuta suna aiki da fawabank. Wutar arewacin Kamaru mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, irin waɗannan darare kan yawaita. Ya ciro wani ragulata, AMS1117 mai bolt 3.3, da kwandansa mai tara wuta, mai maikurofarad 470, daga wata matacciyar dikoda, ya liƙa su dab da ƙafafun aisin. Daga ranar bai sake mutuwa ba.

Gardamar wa ya riga wa kuwa tana nan. Ta ragu, amma duk turmin da naushi biyu suka fita kusan tare, alluna biyu sai su ba da labari biyu.

## Maris: taku ɗaya

Azumi ya kama cikin zafin da Garwa ta yi suna da shi, aiki ya koma bayan asham. A nan ya rushe tsarin gaba ɗaya.

Ga yadda ya bayyana mini. "Malam, ka ɗauka kai da wani kuna dara, kowa da nasa gurbin a gidansa, yaro na kai saƙo. Ba sai ka aika masa hoton gurbinka ba. Ka ce masa kawai na ɗaga wannan na sa nan. In dai kun fara daidai, kuma ba wanda ya yi motsi kafin saƙon ɗan'uwansa ya zo, har abada gurabunku iri ɗaya ne." Ba sabuwar dabara ba ce, da ita wasan Doom na 1993 ya haɗa kwamfutoci, yana aika abin da kowa ya danna sau 35 a daƙiƙa. A sabon tsarin kowace na'ura tana tafiyar da 'yan damben duka biyu. Abin da ke ƙetare tsakar gida shi ne maɓallan da aka danna, ba wurin da ɗan dambe yake ba. Kuma babu wadda za ta taka firam na 500 sai ta riƙe maɓallan mutum biyu na firam na 500 a hannu.

Damben maɓalli takwas yake amfani da su: hagu, dama, sama, ƙasa, mashi, garkuwa, shuri, da na tsayarwa. Takwas kuwa bayit ɗaya ne cif.

Idan aka ce sai saƙo ya zo za a taka, kowane firam zai zama jira. Maganin shi ne jinkiri na ganganci: abin da ka danna yanzu ba zai yi aiki ba sai bayan wasu firam, a allonka da na abokin karawarka baki ɗaya, saƙon kuma ya yi amfani da wannan ratar ya isa. Ya gwada jinkirin firam 1, hoto ya riƙa sarƙewa. Ya gwada 6, yaran suka ce manet ta yi nauyi. Aka tsaya a 3, wato milisakan 50, wanda ba wanda ya ji shi a hannunsa.

A wannan watan ne kuma ya goge manhajar AT, ya rubuta wa ESP ɗin tasa ta hanyar Arduino, manhajar rubuta wa irin waɗannan aisi umarni, ya koma ESP-NOW. Wannan tsari ne na Espressif da ke barin aisi biyu su yi magana kai tsaye da lambar jikinsu, ba mai masauki, ba lambar sirrin shiga, saƙo har bayit 250, muddin suna tasha ɗaya. Gaisuwar AT da tarin milisakan 20 duk suka tafi. Kai da komowa ya dawo firam 1, wani lokaci 2.

Saƙo a iska yakan ɓace, musamman idan zaure ya cika, domin jikin mutum ruwa ne, ruwa kuma na shanye siginar gigahaz 2.4. Ya ɗaga aisin ya maƙala a bango sama da kawunan yara, abin ya ragu. Don sauran ɓatan, ya sa kowane ƙunshi ya ɗauki maɓallan firam huɗu na baya-bayan nan, ta yadda idan ɗaya ya faɗi na bayansa zai cike gurbin. Kuma na'urar da ke jira ta ci gaba da maimaita ƙunshinta na ƙarshe.

Duk da haka, sau ɗaya ko biyu a dare wasan kan daskare, ba ya dawowa sai an kashe. Siginar lafiya, fitilu na ƙiftawa, saƙo na kai da komo, amma 'yan dambe sun ƙame. Dare uku yana kallon abin. A na huɗu ya yage bayan kwalin sabulu ya zana layi biyu. A ce ta ciki ta tsaya a firam na 100 tana jiran maɓallin zaure. Kafin ta tsaya ta riga ta aika nata har na 103. Ta zaure za ta ci gaba da tafiya har 103, a bakin 104 ta karanta manet ta ajiye wa 107, sannan ita ma ta tsaya. Abin da take maimaitawa yanzu daga 104 ne zuwa 107. Na 100 da ake nema ya riga ya fita daga ƙunshin, ba kuma zai sake zuwa ba. Ƙunshi huɗu a jere kawai za su ɓace a shiga wannan rami. Daga 100 zuwa 107 takwas ne, don haka ya mayar da huɗun takwas. Ƙunshin ya zama bayit 12: alamar farawa, biyu na lambar firam, takwas na maɓallai, ɗaya na tantance cewa saƙon bai gurɓata ba. A gudun 115,200 layin na ɗaukar bayit 192 a kowane firam, wuri ya yi yawa ma. Daskarewar ta zama ɗan tsaiko na ƙiftawar ido, wasa ya ci gaba.

## Afrilu: 'yan kallo

Bayan sallah aka buɗe wa yara. Turmin farko lafiya, na biyu lafiya, sai can ihu a zaure da guɗa a ciki su sake haɗuwa. Ba kullum ba, amma ya isa ya dawo da rigimar Janairu, wannan karon ma ta fi ciwo domin lissafi ya ce ba zai yiwu ba.

Wasan na da lambar canki-canka. Idan naushi ya sauka a kan garkuwa, ita ke yanke ko mai garkuwar zai yi tangaɗi ko zai tsaya. Irin wannan lamba a kwamfuta jeri ce da ke fitowa daga iri guda: iri ɗaya, jeri ɗaya. Ya san da haka, tun a Maris ya sa ta zaure ta zaɓi irin ta aika wa ta ciki kafin a buga kalangun farawa. Ya sake dubawa, irin na isa daidai.

Sai ya ƙara bayit na 13 a ƙunshin. Kowace na'ura ta tara wurin da 'yan damben suke, da sauran ƙarfinsu, da lambar canki-cankar da take kai, ta aika jimillar. Da zarar jimilla biyu na firam ɗaya sun saɓa, allo ya yi ja ya nuna lambar firam ɗin. Na cika shafi biyu da waɗannan lambobi. Ba su da tsari, wani lokaci tun a ɗari uku, wani lokaci sai bayan dubu tara. Abu ɗaya muka lura: idan mu biyu ne kawai da tsakar dare, allon ba ya ja. Sai zaure ya cika. Wannan ya mayar da zarginsa kan iska, ya yi mako biyu yana sauya tasha da wurin maƙala aisi, har ya fara maganar sayen mai doguwar eriya.

Wata yamma ya shiga ciki ya duba na'urar, yarinyar na riƙe da manet. Ta ce, "Baba, ni fa akwai abin da nake gani. In wasan ya ɗan tsaya, 'yan damben ne kawai ke tsayawa. Mutanen baya ba sa tsayawa, suna ta ɗaga hannu."

Ya ce ya yi tsaye ya fi minti bai ce komai ba. Shi ya rubuta hakan da hannunsa, da gangan, don kada allon ya zama kamar ya mutu lokacin jira. Kuma wane ɗan kallo ne zai ɗaga hannu, daga jerin canki-cankar nan guda ake cirowa. Duk tsaikon da na'ura ɗaya ta yi ita kaɗai, 'yan kallonta sun cinye lambobi biyu ko uku daga jerin, ɗayar ba ta ci ba. Daga nan jerinsu ya rabu. Ba a ganin komai sai naushi na gaba ya sauka a garkuwa, a nan ɗan dambe ya yi tangaɗi, a can ya tsaya daram. Cikar zaure na kawo ɓatan saƙo, ɓatan saƙo na kawo tsaiko, tsaiko na ciyar da 'yan kallo.

Gyaran layi biyar ne. Ya ba 'yan kallo da ƙurar fage nasu jerin daban, wanda ba ruwan wasa da shi, ya bar na asali ga abin da ke yanke hukunci kaɗai. Kafin isha ya gama.

## Mayu zuwa faɗuwar damina

Na ci gaba da rubutu har wasa 40 a jere, zaure cike, allon bai yi ja ko sau ɗaya ba. Tsaiko na zuwa jefi-jefi, ya fi yawa idan an rufe ƙofar kwanon ko ana ruwa. Idan wuta ta ɗauke a gefe guda, kunnawa kawai ake yi a sake turmin, ba a jiran shiga wani Wi-Fi.

## Abin da na gani a ciki

Idan aka tambayi mai gyaran abin da ya warware matsalar, ESP-NOW yake cewa. Ban yarda da shi ba gaba ɗaya. Tun ƙarshen Fabrairu, da UDP da hana barci, kai da komowa ya sauko firam 2 zuwa 3, kuma saƙo hanya ɗaya kawai yake buƙatar ci. Jinkirin firam 3 ko 4 zai iya ɗaukar wannan. ESP-NOW ya kawo sauƙi na gaske, ya rage tsaiko, ya kawar da zaman jiran haɗuwa, amma da ya sa shi a kan tsarin Janairu, yaran za su ci gaba da kashe juna a alluna biyu, sai dai a rage yawan faruwarsa. Abin da ya kashe gardamar shi ne daina aika sakamako a koma aika maɓalli, tare da hana kowace na'ura yin gaban kanta.

Cikin manyan cikas huɗu da aka sha, biyu ba su da alaƙa da iska ko kaɗan, wato yunwar wuta da jerin canki-canka, na uku kuma kuskuren ƙirga ne a kan kwali. A biyun farko iska aka fara zargi, kuma a nan mafi yawan makonnin suka tafi. Kowanne ya bayyana ne bayan an sa na'urar ta nuna abin da ke cikinta: ɗanyen saƙo a Fabrairu, jan allo a Afrilu. Bayit na 13 ɗin nan da ya shiga tun ranar da aka koma taku ɗaya, da an ga saɓanin tun cikin azumi, kafin yara su sake rigima. Nasarar dara ma ta yi nata ɓarnar, don ta sa mu duka biyu muka ɗauka dambe dara ce mai sauri.

Akwai abin da tsarin ba zai iya ba. Wani ɗan wansa a Marwa, wani gari can arewa da Garwa, ya haɗa tasa na'urar yana son shiga. ESP-NOW ba ya wuce inda siginarsa ta kai, dole a koma intanet ta wayar hannu, inda jinkirin zai kai abin da yaran suka riga suka ƙi. Wasannin faɗa na zamani suna kauce wa wannan da dabarar da GGPO, wani tsarin haɗa 'yan wasa ta intanet, ya yi suna da ita, wadda aka buɗe manhajarta ga kowa a 2019: na'ura ta yi hasashen abin da abokin karawa zai danna, in ta kuskure ta koma baya ta sake lissafa firam ɗin da suka wuce. Wannan na son wurin ajiye tsofaffin firam da ƙarfin lissafa da yawa a lokacin guda. A Uzebox layi 262 ne a firam, 224 na tafiya wajen zana hoto, saura 38, kowanne da bugun aisi 1,820. Wajen bugu 69,000 ke nan, kuma damben ya riga ya cinye mafi yawansu, ƙwaƙwalwar ma saura kaɗan ta cika.

Don haka Marwa dara za ta samu, ita da ba ta ƙin jira, kuma ya fara dawo da tsohuwar manhajar TCP ta Disamba domin ta. Damben ya tsaya a mita 18 ɗinsa. A wasa 40 da na rubuta, 11 tsakanin yarinyar ne da yayanta, ta ci 7. Yanzu yana cewa manet ɗin ciki ta fi ta zaure laushi, uban ya ce ranar Juma'a za a musanya su.